Ranar da Na Yi wa Safar Likita Guga

Sallama gare ku, da waɗanda muka daɗe tare da wanda yau ya fara leƙowa. Ku gyara zama. Ni ma a zaune nake, ƙafafuna a kan bokiti, kuma za ku ji dalili.

Ga wanda bai san ni ba, guga ce sana'ata. Shekara goma sha ɗaya ina tsaye a bayan tebur ɗaya, a shago ɗaya, tsakanin mai gyaran agogo da mai sayar da katifa. Kari ake ce min a layinmu, wai in na fitar wa wando kari sai mutum ya ji tsoron taɓawa kada ya yanke shi. Makaranta kuwa ban yi nisa ba. Na shiga, na gaisa da kowa, na fito.

Akwai yarinyar da nake so. Ita ce ƙarama a gidansu, kowa Auta yake ce mata, ni ma na bi sahu. Tana aiki a shagon buga takardu, ƙetaren titi da mu. Ba ta da yawan surutu, amma in ta kalle ka ta saman tabarau sai ka fara tuno laifukan da ka yi tun kana yaye.

Matsalar ita ce mahaifinta. Hedimasta ne da ya yi ritaya, shekara talatin da biyar a gaban allo, kuma har yau in ya yi gyaran murya kajin gidansu layi suke yi. Ranar da Auta ta kai masa maganata, tambaya ɗaya ya yi: "Wace makaranta ya gama?" Ta faɗa masa gaskiya. Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Sai ya ɗauki sandarsa ya wuce ta gaban shagona sau uku a rana ɗaya, da safe, da tsakar rana, da yamma. Duk ukun ya tarar da ni a tsaye, gumi har cikin kunne. Ya koma gida ya ce, "Yaron nan ba shi da takarda, amma yana da ƙafa. A bar shi ya ci gaba da zuwa, ina kallonsa."

Kun ji duk jarina a gidan nan ke nan. Ba mota, ba digiri, ba kyan fuskar da za a yi shela. Ƙafa biyu.

To su ne suka ci amanata.

Abin ya fara ne a hankali. Da yamma sai in ji ƙafafun sun yi nauyi, kamar an ɗura musu yashi. In na cire safa sai in ga ta bar min zobe a idon sawu, takalmin da ya shiga lafiya da safe kuma sai na roƙe shi kafin ya fita. Ga ƙaiƙayi a ƙwauri, ga sharaɓa ta ɗaure min ina cikin barci, in tashi ina salati. Wata rana na juya bayana ga madubin shago, sai na ga jijiyoyi sun taso a sharaɓar hagu, sun murɗe, sun yi ƙulli ƙulli, kamar igiyar cajar waya da ta kwana a jakar mata.

Innata ta duba ta ce sanyi ne. A wurin Inna komai sanyi ne, har karaya. Ta ba ni man zafi, ta ce in shafa, in kuma yi sauri in yi aure, domin duk ciwon da ke damun saurayi rashin mata ne.

Ni kuwa na yi tunani irin na sana'ata. Abu ya tattare, ya yamutse, me ake yi masa? Zafi da danna. Kada ku yi dariya, ku da kuka yi karatu. Kullum in na tashi aiki sai in jiƙa tawul, in ɗora masa dutsen guga har ya yi tururi, in naɗe sharaɓata da shi, in bi da tafin hannu daga sama zuwa ƙasa ina lallashi, yadda nake yi wa hannun kwat. Wata huɗu ina wannan. Jijiyoyin suka ƙara ƙiba kamar ina ba su abinci.

Ban gaya wa Auta ba. Ruwan sama ne ya tona min asiri. Ina raka ta tasha, muka tarar da ruwa ya kwanta a hanya, na manta na naɗe wando har gwiwa. Na ƙetare na juyo, sai na ga ta tsaya, ta sauke tabarau.

"Kari, juya."

"Motarki za ta tafi fa."

"Ta tafi. Juya na ce. Mene ne wannan a bayan ƙafarka?"

"Ƙarfi ne. Duk mai ƙarfi yana da su."

"Ƙarfin ne ya sa jiya ka hau matakalar shagonmu kamar kakata? Jibi ba na aiki. Asibiti za mu."

Likitar da muka samu wata dattijuwa ce gajera, mai murya kamar ta kwandasta. Ta sa na hau wani ɗan akwati na tsaya, ta ce a tsaye ake ganin su sosai. Ta danna idon sawuna da yatsa, wurin ya lotsa, ya daɗe bai dawo ba. Ta shafa min wani mai sanyi, ta bi ƙafar da kan na'ura tana kallon allo, tana matsa sharaɓata tana saki.

"Malam, ka ga jinin nan? Daga ƙafa sama yake hawa, zuwa zuciya. A cikin jijiyar akwai 'yan ƙofofi, in ya wuce sai su rufe kada ya dawo. Naka ƙofofin sun gaji, ba sa rufuwa sosai. Jini ya hau, ya zamo, ya taru a ƙasa, jijiya ta kumbura. Awa nawa kake tsayuwa?"

"Goma. Wani lokaci sha biyu."

"A gidanku akwai mai irin wannan?"

"Marigayi babana yana da su. Mu da muna yara taswira muke ce musu."

"To ga gado, ga tsayuwa. Me kake yi musu?"

Na so in yi shiru, amma Auta tana gefe. Na faɗi maganar tawul. Likita ta ajiye biro, ta cire tabarau, ta kalle ni kamar an kawo mata sabuwar halitta.

"Guga kake yi wa ƙafarka?"

"Da ƙyalle a tsakani, likita."

"Bawan Allah, ƙafa ce, ba wando ba! Zafi buɗe jijiya yake yi. Kai da hannunka kake faɗaɗa wa jinin wurin kwanciya."

Auta ta juya bango, kafaɗunta suna rawa.

Sai likita ta lissafo min dokoki. In riƙa ɗan zagayawa duk bayan rabin awa. In ina tsaye in riƙa ɗaga dunduniya ina saukewa, domin naman sharaɓa shi ne famfon da ke tura jini sama. Sau uku a rana in kwanta minti goma sha biyar, ƙafafu sama da ƙirji. Ban da susa. In jijiya ta fashe, in kwanta, in ɗaga ƙafar, in danne wurin da ƙyalle mai tsabta. In kuwa ƙafa ɗaya ta kumbura farat ɗaya, ta yi zafi tana ciwo, ko numfashina ya sarƙe, kada in jira gobe. Ta ce in an yi sakaci fatar idon sawu takan yi baƙi, ta yi tauri, ta buɗe gyambon da ba ya jin magani. Ta ce in wata uku suka wuce ba sauƙi, akwai allurar da ke toshe jijiyar da ta lalace, akwai kuma wata siririyar waya da ake zurawa a ciki a ƙona ta ta rufe, jini ya bi ta lafiyayyu.

"Ashe dai guga ce a ƙarshe," na ce a hankali.

"Tawa ce, ba taka ba."

Daga nan ta auna bugun jini a ƙafata, ta ce sai ta tabbatar yana sauka lafiya kafin ta matse ni. Ta sa tef ta auna idon sawu da sharaɓa, ta rubuta min safa. Jama'a, safar nan. Doguwa har gwiwa, matsattsiya kamar an ɗinka ta da fushi. A jikin kwalin an ce launin fata ce. Fatar wa? Ni dai ban taɓa haɗuwa da mai irin wannan fatar ba, sai dai 'yar tsanar da ke tagar shagon kaya. Tun kafin in sauko daga gado ake so in saka ta, kuma sakawar kokawa ce ta minti goma, Inna tana jin nishina ta bango tana tambaya ko lafiya.

Amma gaskiya ɗaya ce, ta yi aiki. Cikin sati biyu nauyin ya ragu, takalmi ya daina gardama. Da ƙarfe ɗaya sai in janyo ƙofar shago rabi, in shimfiɗa kwali a ƙasa, in yi matashi da ƙullin zanen gado, in ɗora dunduniya a kan teburin guga. Fanka tana kaɗawa, duniya ta yi daɗi.

Haka yayan Auta ya same ni.

Babban wanta ne, direban motar ma'aikata, mai ƙaton ciki da dariyar da ake ji daga layi na uku. Hedimasta ne ya aiko shi da kwat a goge. Ya turo ƙofa ba sallama, ya tarar da surukin da ake yabo da tsayuwa a kwance, baki buɗe, wando ya zame har cinya, ƙafafu biyu a sama cikin doguwar safa mai ruwan hoda. Na yi niyyar minti goma sha biyar ne, barci ya yi min ƙari. Ƙarar hoton wayarsa ce ta tashe ni.

"Ango, ango! A ci gaba da hutawa, kada mu katse maka aiki."

"Yaya, tsaya in yi maka bayani."

"Wane bayani? Hoto ya fi baki iya magana. Safar ta wace ce? Akwai jaka da takalminta?"

Ya ajiye kwat, ya fita yana riƙe da ciki.

Kafin ƙarfe uku saƙon Auta ya shigo.

"Kana cikin zauren hira na gidanmu."

"An saka ni?"

"Hotonka aka saka. Gwaggo ta turo fuskar kuka guda tara. Matar Yaya ta tambaya ko akwai baƙa."

"Baba fa?"

Alamar tana rubutu ta fito, ta ɓace, ta sake fitowa. Ni kuwa na ƙona wa kaina yatsa ina kallon waya.

"Ya ce ashe sau uku kawai ya gani, bai ga sauran ba. Ya ce abu ɗaya ya dogara da shi a kanka, shi ma ashe hoto ne. Na ce masa likita ce ta sa, ya ce ba daga bakina zai ji ba. Asabar ƙarfe huɗu. Ka zo da ƙafar, ka zo da safar. In bai gamsu ba, ya ce kada ka sake taka ƙofar gida."

Na karanta sau biyar.

Ranar Asabar tun azahar na rufe shago. Na fitar da farar rigata mai dogon hannu, na ba ta sitati daidai, ba mai tauri ba. Wando ruwan toka, na fitar masa da karin da ban taɓa yi wa kwastoma irinsa ba. Hankici ma sai da na ninke shi gida huɗu na danne. Safar kuwa na wanke ta tun ranar Juma'a da ruwan sanyi, ta bushe a inuwa. Na ɗauko ta, sai na ga ta yi 'yan tattara a bayan gwiwa.

A nan ne Shaiɗan ya ja kujera ya zauna kusa da ni.

Na ga alamar da ke jikinta, kada ku ce ban gani ba. Hoton dutsen guga ne an soke shi. Amma shekara goma sha ɗaya ina ganin alamar nan a kayan mutane. Don 'yan koyo ake saka ta. Ni sai in rage wuta, in shimfiɗa siririn ƙyalle, in wuce sau ɗaya kamar iska, ba abin da ya taɓa faruwa. Kuma abin da Hedimasta zai duba da idonsa, ni Kari, in kai masa shi a yamutse? Ta dama ta fito sumul, har na yi wa kaina kirari. Na shimfiɗa ta hagu, na ɗora dutse, sai waya ta yi ƙara.

"Ka ci abinci kuwa? Kada ka zo kana rawar jiki. Ina tare da kai ko me ya ce."

Na tsaya ina murmushi. Daƙiƙa nawa? Ban sani ba. Hancina ne ya fara sanar da ni.

Da na ɗaga dutsen, tsakiyar safar ta biyo shi. Abin da ya rage rami ne, mai tsini a sama, mai faɗi a ƙasa, siffar dutsen guga sak, gefensa ya ƙanƙance ya yi baƙi. Ba ni da wata, kantin magani sai sun yi oda take zuwa, ga ƙarfe uku ta wuce. Na zauna na saka ta haka nan, na ce wando zai rufa min asiri.

Falon Hedimasta kamar ofis yake. Kujeru masu hannun katako da farin ƙyalle a bayansu, agogon bango mai ƙara, kabad cike da kofunan da ba a taɓa shan komai da su ba, hotunan ɗalibai layi layi. Yana zaune cikin doguwar riga da safa baƙa, jarida a hannu. Yaya yana gefe yana danna waya yana haɗiye dariya. Labulen ƙofar ciki kuma yana da ƙafafu, na gane silifas ɗin Auta.

Na gaishe shi. Ya amsa ta bayan jarida. Bai ce in zauna ba.

Minti biyar. Minti goma. Agogo yana ta aikinsa. Ƙafar hagu ta fara yi min magana, sai jikina ya koma abin da ya saba, na fara ɗaga dunduniya ina saukewa, sama, ƙasa, sama, ƙasa. Jarida ta sauko a hankali.

"Samari, bayan gida kake nema?"

"A'a, Baba. Famfo nake bugawa."

Yaya ya fashe. Hedimasta ya kalle shi sau ɗaya, dariyar ta koma inda ta fito.

"An nuna min hoto. Kai ne?"

"Ni ne, Baba."

"Ƙarfe nawa?"

"Ɗaya da rabi."

"Ɗaya da rabi na rana, ranar aiki, ƙafa a sama. Yi min bayani. A taƙaice, kuma da ƙarfi, na baya ma su ji."

Na yi. Na faɗi nauyin, da kumburin, da 'yan ƙofofin da suka gaji. Har tawul na faɗa, don na ga in zan nutse gara in nutse da gaskiyata. Yana saurare bai ko ƙifta ba.

"Nuna min."

Na ɗaga wandon dama. Safa lafiya lau, sumul.

"Ɗayar."

Na yi addu'ar da na iya, na juya baya, na ɗaga. Jama'a, ko da gangan aka yanka ramin nan ba zai zauna daidai haka ba. Ƙullin jijiyoyin gaba ɗaya ya leƙo ta ciki, ya bultso, kamar an yi masa taga ya sha iska.

Hedimasta ya gyara tabarau, ya sunkuyo.

"Haka ake sayar da ita, da wurin dubawa?"

"A'a, Baba. Guga na yi mata."

"Don me?"

"Don za ka gani."

Labule ya yi wani irin sauti, kamar an toshe baki da gyale. Yaya kuwa ya zame daga kujera, yana dukan kafet. Hedimasta bai yi dariya ba. Ya daɗe yana kallon tagar nan, sannan ya jingina.

"Tambaya ɗaya. Ana gadonsa?"

Wallahi ƙarya ta zo min har bakin haƙori. Kalma ɗaya ce, a'a, kuma ba wanda zai je ya tambayi likita. Na kalli silifas ɗin da ke ƙarƙashin labule.

"Ana yi, Baba. Babana yana da su. Ba dole ba ne yaro ya samu, amma ana yi."

"Kun ji ko!" in ji Yaya. "Jikoki masu taswira!"

Sai labule ya buɗe. Ba Auta ba ce ta fito, mahaifiyarta ce, da tire a hannu. Mace mai sanyi, ban taɓa jin ta ɗaga murya ba. Ta ajiye tiren a gabana, ta dubi ɗanta.

"Kai dai rufe bakinka, don kana cikin layi. In gado ne, ba sai an kawo mana daga waje ba."

"Ke!" in ji Hedimasta.

"Ni ce. Wata biyar ina wanke bandeji a ɓoye kamar kayan sata. Yaron mutane ya tsaya ya faɗi nasa a gaban kowa. Zauna, ɗana, ka sha ruwa."

Ban zauna ba, don ban san umarnin wa ya fi ƙarfi a gidan ba. Hedimasta ya ninke jarida gida biyu, ya sake ninkewa.

"Kowa ya fita. Har mai silifas."

Suka fita. Ya nuna min ƙofa na rufe. Sai ya sunkuya da ƙyar, ya janye baƙar safarsa, ya fara warware bandeji.

Dariya ta ƙare min a nan. Jijiyoyinsa sun ninka nawa, amma ba su ne suka tsorata ni ba. Daga ƙwauri zuwa ƙasa fatar ta yi baƙi ƙirin, tana sheƙi, ta yi tauri. A saman idon sawu ta ciki kuma ga gyambo, faɗin murfin kwalba, yana ruwa. Abin da likita ta kwatanta min ke nan, kamar shi ta gani.

"Ruwan zafi da gishiri nake gasa shi," ya ce, bai kalle ni ba. "Safe da yamma."

"Baba, zafi buɗe jijiya yake yi."

"Na ji ɗazu. Ba kurma ba ne ni." Da ya sake magana, muryar ba ta hedimasta ba ce. "Abokina ya je da ciwon ƙafa, ya dawo da sanda biyu. Yankewa za su yi?"

"Ni ba likita ba ne, Baba, ba zan yi maka alkawarin da ba nawa ba. Amma ta ce min irin wannan yana warkewa in an wanke shi yadda ya kamata, an ɗaure shi da irin nasu ɗaurin, an gyara jijiyar. Ta ce zama da shi a gida ne yake ɓata shi."

Na janyo ɗan tebur, na ɗora matashin kujera biyu, na durƙusa na ɗaga dunduniyarsa da hannu biyu na ajiye a kai. Bai hana ni ba. Ƙafar ta yi nauyi kamar jiƙaƙƙen bargo.

"To ba sai an je ba," ya ce. "Ciro min ta daman nan, mai lafiyar. In gwada sati ɗaya."

"A'a, Baba."

Ya ɗago kai. "Me ka ce?"

"Ba za ta yiwu ba. Awona ne, ba naka ba. Kuma sai an auna an ga jini yana sauka ƙafar lafiya kafin a matse ta, in ba haka ba safar ce za ta yi ɓarnar. Ga ciwo a buɗe. Ba zan ba ka ba."

"A gidana kake."

"Na sani, Baba."

"Kuma 'yata kake nema."

"Ita nake nema."

"Kuma ka hana ni safa. Tsohuwar safa, wadda ka ƙona 'yar'uwarta."

"Na hana, Baba. Ka yi haƙuri."

Na ce shi ke nan, Kari, ka zo da ƙafa biyu za ka koma da su, ba ƙari. Agogo ya buga biyar, ya gama bugawa.

Can Hedimasta ya ja dogon numfashi.

"Shekara talatin da biyar yara suna ce min to. Rabinsu ƙarya suke yi." Ya nuna kujerar da ke kusa da shi da haɓa. "Zauna. Ɗora taka a nan, akwai wuri."

Na zauna a bakin kujera, na ɗora ƙafata mai taga kusa da tasa.

"Litinin, ƙarfe bakwai, ka zo ka kai ni wurin matar nan. Ba da direba ba, bakinsa ba ya rufuwa. Kai za ka shiga da ni."

"To, Baba."

"Wannan to ɗin na gaske ne?"

"Na gaske ne."

"Ka gaya wa mahaifiyarka, Asabar mai zuwa ta turo manyanku. A zaune zan karɓe su, kowa ya yi haƙuri." Ya ɗauki jaridarsa ya buɗe, ya ɓoye fuska a ciki. "Kuma in likitar ta yi min tsawa a gabanka, ba ka ji ba."

Ban san yadda na fito daga gidan ba. Ina kaiwa bakin titi waya ta yi ƙara.

"Mama tana kuka, Yaya yana duba bayan ƙafarsa a madubi. Me ya ce maka?"

Na tsaya a gindin fitilar titi na rubuta mata, na goge, na sake rubutawa. Ta turo zuciya ɗaya. Auta ba ta taɓa turo min zuciya ba, sai dai babban yatsa. Ina cikin kallonta sai wani saƙon ya biyo baya.

"Saura ka shirya abin da za ka gaya wa likita in ta ce ka ɗaga wando."

Ga ni nan zaune tun ɗazu, ƙafa a kan bokiti, safar tana rataye a ƙusa tana kallona da ramin nan nata. Hedimasta yana tsoron tsawa ɗaya. Bai san a bayansa zan ɓuya ranar Litinin ba.